Mai Ƙidayar Alluna

A ma'aikatar kasuwanci ta wata jiha akwai wani jami'in ƙididdiga da ake kira Malam Jadawali. Ilimi kam akwai shi, sai dai ƙafarsa ba ta shiri da rana. An ce kujerarsa ta ɗauki siffar jikinsa har ba ta karɓar kowa. Ofishinsa na can ƙarshen baranda, daga shi sai fanka mai kuka.

Wata rana kwamishina ya ce a auno masa lafiyar kasuwanci a jihar. In 'yan kasuwa na cikin matsi a sassauta harajin shaguna, in suna samu a ƙara. Aikin na buƙatar a zaga kasuwanni, a ga shagunan da ke buɗe, a ji wa ke ɗaukar ma'aikata, wa ke sallama. Malam Jadawali ya leƙa taga, ya ga rana, ya koma ya zauna.

Sai dabara ta faɗo masa: ai duk sabon shago sai da allo. Ya buga wa mai rubuta allunan kasuwa waya, ya tambaye shi ya aiki.

"Ranka ya daɗe, bana ko abinci a tsaye nake ci."

Bai tambayi abin da ake rubutawa ba. Ya ja layi mai hawa sama kamar zai huda takarda, ya miƙa rahoto. Aka yaba masa, aka ƙara haraji. Mai alluna kuwa ya cika kasuwa da labarin cewa da shi gwamnati ke shawara.

Bayan wata biyu yayan Malam Jadawali, wanda tela ne, ya daina ɗaga wayarsa. Dole Malam ya sa takalmi ya nufi kasuwa. Layin teloli tsit, ba ƙarar keke ko ɗaya. Kowace ƙofa da sabon allo mai kyan fenti: "Shagon haya." Har ta yayansa.

Wani tsoho mai gyaran takalmi ya shaida masa telan ya sayar da kekensa ya koma ƙauye.

"Baba, bai bar mini saƙo ba?"

"Ya bari. Ya ce in ka zo, ka sa nasa allon a lissafi."

Malam ya daɗe tsaye a layin, ba wanda ya ce masa ga wuri.

Darasin shi ne, duk wanda aka ba amanar auna halin jama'a, ya taka ya je inda suke. Alƙaluma ba sa ƙarya, amma ba sa faɗin abin da ba a tambaye su ba, kuma wahalar da malalaci ya guje wa, a kan wasu take sauka.