Ranar da Hajiya Dela ta faɗi hujjar abokin hamayyarta

An yi wani sarki a ƙasar Gwalmaje, sunansa Zubairu, wanda ya gaji sarauta amma bai gaji hukunci shi kaɗai ba, domin tun zamanin kakansa aka kafa majalisa mai kujeru casa'in, talakawa ke zaɓen wakilanta, jam'iyyar da ta fi rinjaye kuma ita ke fitar da waziri ya gudanar da mulki, sarki ya sa hatimi.

A wancan lokaci jam'iyyu biyu ne suka cika majalisar. Jam'iyyar Cigaba, wadda Waziri Barau ke jagoranta, aƙidarta ita ce hukuma ta ɗauki manyan ayyuka ko da wasu za su ji ciwo, kuma ta ƙudiri aniyar datse Gulbin Kuka don a samu noman rani. Jam'iyyar Gado, mai adawa, wadda wata dattijuwa Hajiya Dela ke shugabanta, tana ganin ƙasa amanar mazaunanta ce, ga shi kuwa madatsar za ta shanye ƙauyuka goma sha ɗaya har da maƙabartunsu. Shekara tara ana wannan muhawara, har wata ranar kasuwa magoya bayansu suka kaure da faɗa a Tungar Lalle, aka kashe wani tela da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ran sarki ya ɓaci ƙwarai. Ya aika aka kira Alƙali Ɗayyabu, wani tsoho da ya bar shari'a saboda raunin gani, ya ce masa, "Allah gafarta malam, mutane biyu suna rantsuwa ƙasar nan suke so, amma abin da ɗaya ya kira magani ɗaya yana kiransa guba. Lalle akwai maƙaryaci a ciki. Ka gano mini shi nan da Juma'a, in rushe jam'iyyarsa, in kore shi daga ƙasata."

Alƙali ya koma gida zuciyarsa a dagule, domin ya san ikon rushewar yana cikin littafin doka amma ba sarkin da ya taɓa taɓa shi, kuma duk ɓangaren da ya nuna, dubban mutane ne za su rasa bakin da ke magana a madadinsu. Kwana uku ya yi yana sa ana karanto masa jawaban majalisa, bai ji ƙarya ba, sai dai ya lura da wani abu guda.

Ranar Juma'a da hantsi zauren majalisa ya cika maƙil. Alƙali ya miƙe da sandarsa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, kowa ya iya yabon ra'ayinsa, don haka ba zan tambaye su wannan ba. Ina roƙon kowannensu ya faɗi hujjar abokin hamayyarsa, har mai hujjar ya ce, na'am, haka take a zuciyata."

Hajiya Dela ce ta fara. Ta gyara mayafinta, ta dubi sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, Waziri mutumin Arewacin Dutse ne, inda rijiya ke ƙafewa tun kafin a gama sussuka. Can, da an kai amfanin gona gida, samari ke ɗaure kaya su tafi cirani, gari ya zama na tsofaffi da mata. Yayansa Ila ya tafi haka, har mahaifiyarsu ta rasu tana zama a bakin hanya tana tambayar fatake labarinsa. In Waziri ya ce madatsa, ba siminti yake gani ba, yana ganin garin da saurayi zai shuka albasa da rani ya kwana a ɗakin uwarsa. Yana cewa ruwan da ke wucewa a banza alhali mutane dubu ɗari biyu na ƙishirwa, barinsa ma zalunci ne. Wallahi hujja ce mai nauyi, kuma ta sha hana ni sukuni."

Alƙali, da ba ya ganin fuskoki sosai, sai ya ji shessheƙa daga kujerar gaba, mamaki ya kama shi, domin ya yi shekara arba'in yana sauraron masu husuma bai taɓa jin wanda ya ɗauki kayan abokin gabarsa ya kai masa har gida haka ba. Waziri Barau ya share hawaye da hannun rigarsa ya ce, "Na'am. Ni kaina ban taɓa iya faɗinta haka ba."

Da aka zo kansa, ya miƙe ya ce, "Su dai mutanen Hajiya suna tsoron sabon abu ne, suna…" Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, ban sani ba. Shekara tara tana magana, ni kuwa ina shirya amsa."

Sarki ya ce, "To, magana ta fito. Jam'iyyar Cigaba za a rushe."

Kafin alƙali ya buɗe baki, Hajiya Dela ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon arziki, kada a yi haka. Rashin sauraro laifi ne, amma ba ƙarya ba ne. In ka rushe su, mutanen Arewacin Dutse ba su da wakili. Kuma gobe in mulki ya zo hannuna, ni ma 'yar Adam ce, zan so ƙauyukana har in manta da masu ƙishirwa. Wa zai miƙe ya ce mini, Dela, kin yi kuskure? A bar shi a kujerarsa, mu kayar da shi da ƙuri'a in mun iya."

Sarki ya juya ga alƙali ya ce, "Malam, ina maƙaryacin da na sa ka nemo?"

Alƙali ya ce, "Babu shi, ranka ya daɗe. Gaskiya ce ta fi ƙarfin kafaɗar mutum ɗaya, sai Allah ya raba ta, kowace jam'iyya ta ɗauki sashe. Wanda ya kashe tela dai a kai shi gaban shari'a, don shi ba hujja ya ɗauko ba, wuƙa ya ɗauko."

Sarki ya janye hukuncinsa. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa alƙali, ya ba shi gida kusa da majalisa, ya kuma yi umarni a sassaƙa wa shugaban adawa kujera daidai tsayin ta waziri, aka ajiye su suna fuskantar juna. Bayan sati biyu Waziri Barau ya hau jirgin kwale-kwale ya zaga ƙauyukan nan goma sha ɗaya, ya zauna a kan tabarmarsu, ya ziyarci kaburburan iyayensu. Da ya dawo, aka matsar da madatsar gaba, ƙauyuka takwas suka tsira, uku suka tashi, Hajiya Dela kuwa ba ta daina ja da shi a kan ukun nan ba har ƙarshen rayuwarta.

Masu hikima suka ce: adalci ba ya zama a ƙasar da aka rufe bakin mai saɓani, kuma bai cancanci yanke hukunci a kan mutum ba wanda bai iya faɗin hujjar mutumin ba.