Kyaranar da Aka Shayar Har Ta Ruɓe

Ranar Lahadi, sha biyu ga watan Mayu na bara, a lokacin sanarwa, aka fara wannan abu. Sakataren ikilisiyarmu, Dattijo Yunana, ya tashi ya gaya wa jama'a wai ni, Malam Habila, na gaji, na roƙa a sauke mini ajin yara na makarantar Lahadi. A ranar ban gaji ba, ban kuma roƙi kowa ba. Gajiyar daga baya ta zo. Na yi ta bin dattawa da magana ba wanda ya saurara, saboda haka bari in ba da misali, ko zai shiga inda maganata ta kasa shiga.

Akwai wani mutum da mahaifinsa ya rasu ya bar masa gida da lambu. A ƙofar gidan, kan wani tudu mai tsakuwa, akwai kyarana, irin shukar nan ta hamada mai ƙaya, wadda ba ta da ganye. Mahaifin ne ya dasa ta. Ba mai ba ta ruwa. Amma kowace shekara a tsakiyar bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙone, rafi ya ƙafe, sai ta fitar da jan fure a kanta, yaran unguwa su taru suna kallo.

Wata rana mutumin ya fito rakiyar baƙi, sai ƙayar ta kama babbar rigarsa ta yaga, baƙin suka yi dariya. Washegari ya ɗauko fartanya.

Mahaifiyarsa ta ce, "Kai, ina za ka kai ta?"

Ya ce, "Inna, tausayinta nake ji. Shekara da shekaru tana cikin rana. Zan mai da ita gindin mangwaro kusa da rijiya, ta huta."

"Ita ta ce maka ta gaji?"

"Haba Inna, itace yana magana ne?"

"To, rigarka dai ta yi magana jiya. Har ɗaki na ji ta."

Ya tumɓuke ta, ya dasa a inuwa, ya zuba mata taki, yana ba ta ruwa safe da yamma. Maƙwabta suka yi ta yabonsa, suna cewa, "Ku dubi yadda yake girmama abin da ubansa ya bari." Kyaranar kuwa ta kumbura, ta yi sheƙi, kowa ya ce ta yi ƙiba.

Da bazara ta zagayo, yara suka zo ƙofar gida, suka tarar da tudu ba kome. Suka bi ta bakin rijiya, ba fure. Suka juya suka tafi. Sai mutumin ya taɓa gindinta da sanda, ga shi kuwa sandar ta nutse, baƙin ruwa mai wari ya fito.

Ya ce, "Inna, me na rage ta da shi? Ga ruwa, ga taki, ga inuwa."

Ta ce, "Su ne suka ci ta. Amma akwai reshe ɗaya a sama da bai ruɓe ba. Yanke shi ka ajiye a rana a ƙofar gida, har bakin yankan ya bushe, sa'an nan ka mayar da shi tsakuwarsa."

"A ƙofar gida? Ai kowa zai san na yi kuskure."

"Da ake yabonka, a ɗaka aka yi?"

Mutumin ya tsaya da wuƙa a hannu, yana duban reshen, yana duban ƙofa.

Ma'anar wannan misali ita ce: Allah bai yi kowace shuka ta zama ayaba ba. Akwai waɗanda ya dasa a tsakuwa, aiki ne yake riƙe da su, a nan kuma suke fure. Kyaranar ita ce tsohon da ake sallama da sunan hutu. Ƙayar ita ce gyaran da yake yi. Na sani ina da ƙaya. Makon da ya gabaci sanarwar nan, sakatare ya tsallake aya guda a karatu, na kuwa gyara masa daga inda nake zaune, yara suka yi dariya. In kuskure na yi, sai a kira ni a faɗa mini. Ba a kira ni ba.

Ruwan kuwa, an ba ni shi har wuya. An ba ni bargo da agogon bango, an sa mini kujera mai taushi a sahun gaba. Kowace Lahadi ina zaune a kai, ina jin yara a bayan coci suna guje-guje, gama malamin da aka ba su wata rana ya zo, wata rana bai zo ba. Rifkatu, jikar maƙwabcina, ta tare ni a hanya ta ce, "Baba Malam, mu ne muka gajiyar da kai?" Abin da aka bar wa yara a zuciya ke nan.

Ku da kuke da tsofaffi a gida, kafin ku karɓe tsintsiya ko fartanya daga hannunsu ku ce su huta, ku tambaye su tukuna. Ku kuma tambayi kanku ko tausayi ne, ko rigarku ce ta yage.

Yanzu kam na gaji, amma akwai sauran reshe ɗaya. Kada a aiko mini kowa gida da gaisuwa. A lokacin sanarwa aka faɗi abin da ban faɗa ba, a lokacin sanarwa za a janye shi. Abin da nake so shi ne Dattijo Yunana ya tashi a gaban ikilisiya, a shigo da yaran su ji da kunnensu, ya ce, "Malam Habila bai roƙi hutu ba, ba kuma ku kuka gajiyar da shi ba. Mun yi kuskure, ya gafarta mana."