Ramuwar Magajiya Lantana

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a birnin Kwarin Tama da ke bayan tafkuna bakwai, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda tsufa ya cinye masa gani da ƙarfi, har hatimin mulki ya koma hannun Wazirinsa Bagudu, matsafin da ko hakimai ba sa haɗa ido da shi. Sarkin yana da 'yar ƙanwa mai suna Lantana, wadda ya naɗa Magajiya ya danƙa mata garuruwan gabas, kuma bisa al'adar ƙasar ba mai kama sunanta, sai dai a durƙusa a ce, "Ranki ya daɗe, Magajiya, uwar gari."

Waziri ya kwaɗaitu da garuruwan nan. Ranar da fada ta cika maƙil, ya dube ta yana tsaye ya ce, "Ke Lantana, tashi ki ba maza wuri." Sai ya hura wani garin magani, nan take kowa ya manta sarautarta, har sarki. Dogarai suka tuɓe mata alkyabba, suka fitar da ita ta ƙofar bayi. Ba ta zubar da hawaye ba. Ta dafa ƙasa ta rantse sai ta rama.

Kwana arba'in ta yi tana tafiya har Dutsen Baƙin Ƙarfe, fadar Zarƙa'u sarauniyar aljanu, inda ake mayar da duk wanda ya kuskure gaisuwa tururuwa. Lantana ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta durƙusa nesa da karaga, idonta a ƙasa, ta ce, "Allah ya ja zamaninki, giwa mai dutse, uwar rundunar ɓoye. Ƙara na kawo."

Sarauniya ta ce, "Shekara ɗari uku ban ji ɗan Adam ya gaishe ni daidai ba. Zaɓi, dukiya ko tsawon rai?"

"Ranki ya daɗe, ramuwa nake so a kan Wazirin da ya raba ni da sarautata."

Sarauniya ta ba ta tambarin tagulla mai karya sihiri, mai mayar da mai raina ta dutse, ta haɗa ta da ɗanta, Yarima Ƙamruzu, ya ɗauke ta cikin guguwa har tsakiyar fadar Jatau. Lantana ta bugi tambarin sau ɗaya, sihirin ya karye, fadawa suka zube suna gaisuwa, sarki ya fashe da kuka. Waziri kaɗai ya ƙi rusunawa.

Ya ce, "Ke, wa ya dawo da ke?" Ƙafafunsa suka zama dutse. Ya sake cewa "ke", dutse ya kai masa ƙirji. Sai muryarsa ta karye, ya ce, "Ranki ya daɗe, Magajiya, ki yi mini rai."

Lantana ta dube shi ta ce, "Na amsa gaisuwarka. Afuwa kuwa babu." Ta sake bugun tambari, ya sandare baki buɗe.

Sarki ya mayar mata da alkyabba da garuruwanta, ya ɗaura mata aure da Ƙamruzu, mutane da aljanu suka yi kwana bakwai suna biki. Dutsen kuwa ta sa aka kafa shi a bakin kasuwa, inda fatake ke ɗaure jakunansu.