Na-Iya, Tunkun da Ya Haɗiye Gashin Gari

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso ƙofar gida!"

"Ta shigo mu ji ta!"

To, ku gyara zama. Mai jin tari ya yi abinsa tun yanzu, don in na fara, tari ɗaya za a ji, shi ma ba naku ba ne.

A wani gari an yi wata tsohuwa mai kitso, sunanta Iya Barmani. Hannunta kuwa ba a magana. In ta yi miki shuku, sai ki yi wata biyu bai tsufa ba. Su uku ne a gidan: ita, da jikarta Ladingo, da wani tunku. Tun yana jariri Iya ta tsince shi a bakin kwata bayan ruwan sama, ta yi ta ɗiga masa nono da auduga har ya rayu. Aka sa masa suna Na-Iya.

A wancan zamani dabbobi na magana kamar ni da ku, Na-Iya kuwa ya fi kowa baki. Shi ke kashe ɓera. Shi ke korar maciji. Shi ke ba matan gari labari suna jiran kitso, su yi ta dariya har ɗankwali ya zame.

Kun san dai ba a barin gashin kai a ƙasa. In an gama kitso, mai kitso ta tsince shi, ta dunƙule, ta cusa a tsagar katanga. Don in gwara ta ɗauka ta yi sheƙa da shi, mai gashin ta shiga ciwon kai ke nan, sai ranar da sheƙar ta ruɓe. Shekara arba'in Iya na kitso, ko sili ɗaya gwara ba ta taɓa samu a gidanta ba.

Sai tsufa ya taɓa mata ido. Hannu na aiki, ido ya gaji. Ta tsince goma, ta bar ashirin, ba ta sani ba.

Ran nan Na-Iya na kwance a zaure, sai ya ji mata biyu na fita suna raɗa.

Ɗaya ta ce, "Tsohuwar nan fa ta daina gani."

Ɗayar ta ce, "Ni dai in kaina ya sara, na san gidan da zan zo da rigima."

Abin ya ƙona wa Na-Iya rai. Ya koma tsakar gida, ga gashi a ƙasa, ga gwara jere a kan katanga suna leƙe. In ya tsaya tona ramin da zai binne gashin, kafin ya gama sun kwashe. In ya faɗa wa Iya, ya san kunya za ta sa ta ajiye tsinken kitso har abada. Sai ya sa harshe ya lashe. Ya haɗiye.

Gobe ya lashe, ya haɗiye. Jibi ya lashe, ya haɗiye. Ga bazara ta shigo, nasa gashin ma na zuba, shi ma sai ya lashe don kada mata su ga ƙazanta a tabarmar Iya. Kai, ni dai ban taɓa jin mai riƙon amana irin ɗan tunkun nan ba.

Sai tari ya fara. Kuf! Kuf! Ƙyak!

Iya ta ce, "Mura ce." Ta dafa citta da kanumfari. Ya sha, tari bai tafi ba.

Maƙwabciya ta ce, "Sanyi ne." Aka lulluɓe shi da zane, aka turara shi. Tari bai tafi ba.

Wanzami ya zo ya ce, "Belu ne." Ya buɗe bakin, ya duba, ya duba, ya ce, "Af, ashe tunku ba shi da belu." Ya naɗe zabirarsa ya yi gaba.

Na-Iya ya daina cin abinci. Aka ba shi ƙwai, ya kau da kai. Ya rame, sai ciki ya yi tauri kamar goruba. Iya ta zauna ta yi tagumi, kitson ma ta kasa.

Ladingo ba mai yawan magana ba ce, amma tana da lura. Ta ce, "Iya, mai mura hancinsa na zuba. Na-Iya hancinsa a bushe. Tarin nan ba daga ƙirji yake ba, daga ciki yake."

Iya ta ce, "'Yar nan, yaushe kika zama boka?"

Ta ce, "Ban zama ba, amma zan je in tambayo."

Da sassafe ta fita tana waƙa:

"Na-Iya na tari, kuf-kuf-kuf,
Ba mura ba ce, ba sanyi ba,
Wa zai gaya mini ciwon tunkuna?"

Ta iske Kyanwa a kan rumbu tana lasar ƙafa. Kyanwa ta ce, "Wannan ai tarin gashi ne. Ni ma ina haɗiya, sai in ci ciyawa in amayar. Amma tunku maƙogwaronsa siriri ne, abin da ya shiga ba ya dawowa da daɗi. Je ki wajen Mujiya."

Ta yi gaba tana waƙa. Ta iske Mujiya a kogon kuka tana gyangyaɗi. Mujiya ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Kashinsa ya zama siriri kamar zare?"

Ladingo ta ce, "Ya zama."

"To hanya ta kusa toshewa. In ya kwana biyu nan gaba, sai dai haƙuri. Je ki wajen Uwar Rafi, kada ki tsaya ko shan ruwa."

Ta yi gaba tana waƙa, yanzu da gudu. A gindin wata tsamiya ta iske Uwar Rafi, tsohuwar aljana, gashinta ya cukurkuɗe har ƙasa, har kwaɗi na kwana a ciki.

Ladingo ta durƙusa ta ce, "Sannu da hutawa, Kaka."

Aljana ta ce, "Shekara ɗari ba wanda ya taɓa mini kai. Yi mini kitso, in ba ki magani."

Ladingo ta dubi rana, ta dubi kan. Ta ce, "To." Ta tsefe, ta taje, ta kitsa. Ta tsefe, ta taje, ta kitsa. Yatsunta suka yi jini ba ta tsaya ba. Da ta gama, sai ta bi ƙasa ta tsince duk gashin da ya zuba, sili-sili, ta dunƙule, ta sa a tafin aljana.

Aljana ta ce, "Kin san abin da kika ba ni? Da kin ɓoye sili ɗaya, da na zama baiwarki."

Ladingo ta ce, "A gidanmu ba a riƙe gashin mutane, Kaka."

Aljana ta yi dariya har rafi ya motsa. Ta ba ta ƙoƙo cike da yauƙin kuɓewa da man shanu. Ta ce, "Ki ba shi sau uku. Gashin zai fito, amma ya riga ya nannaɗe masa murya. Tare za su fito. In yana da magana, ya faɗa kafin ya sha."

Da la'asar Ladingo ta iso gida. Mata sun cika tsakar gida, an zo dubiya. Ta faɗa wa Na-Iya abin da aljana ta ce.

Iya ta ce, "Gashi? Gashin wa?"

Na-Iya ya ɗaga kai da ƙyar. Mai bakin nan da ba ya gajiya, yau kalmominsa a ƙirge suke. Ya ce, "Na matan gari ne, Iya. Wanda idonki ya tsallake. Gwara ba su samu ko ɗaya ba." Ya yi tari, ya huta. Ya ce, "Na yi wauta da na yi shiru. Kada ki ji kunyar idonki, hannunki bai tsufa ba. Ki yi kitso, Ladingo ta tsince." Ya dubi Ladingo ya ce, "Kawo ƙoƙon."

Ya sha na ɗaya. Kuf! Ya sha na biyu. Kuf! Ya sha na uku. Ƙyak! Sai ga bakin zare a leɓensa. Ladingo ta kama a hankali, tana ja, yana fitowa, tana ja, yana fitowa, igiya har kamu bakwai. Ga baƙi, ga furfura, ga ja-ja na jikin tunku duk a murɗe. Matan nan biyu masu raɗa suka ga nasu a ciki, suka rufe fuska da mayafi.

Na-Iya ya miƙe, ya girgiza, ya shanye ƙwai biyu. Iya ta ɗauke shi ta ɗora a cinya tana kuka. Ta ce, "Na-Iya, ka ji sauƙi?"

Ya buɗe baki. Ba abin da ya fito sai kir-kir-kir.

Iya ta ce, "Na ji. Wallahi na ji." Ta ɗauki matajinta ta fara taje masa baya, tana kwashe gashin da ke zuba kafin harshensa ya kai. Ranar, matar dagaci ma da ta zo kitso sai da ta jira aka gama da tunku.

Shi ya sa har yau tunku ba ya magana. Ku kuma, in dabbar gidanku na tari ta ƙi abinci, kada ku ce mura ce ku juya baya, ku bincika abin da ta haɗiye. Kuma ko don ƙauna ne, kada ku haɗiye abin da ya kamata ku faɗa.

Ƙurunƙus kan ɗan gwara! In da ƙarya a ciki, gwara ce ta tsinto, ba ni ba.