Hotunan Bikin Rosemary

A Kafanchan akwai wani mai ɗaukar hoto da ake kira Yafet. Ya iya aikinsa, amma akwai shi da cika baki. Tun da ya sayi kwamfutar Mac ta hannu, kunnen kowa bai huta ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, irin tasa ba ta kamuwa da bairos, wato cutar kwamfuta.

Maƙwabciyarsa Damaris, mai shagon buga takardu, Windows take amfani da shi, kuma ba ta wasa da sabunta antibairos ɗinta. Yafet yakan leƙa ya yi mata dariya.

"Sista, kwamfutarki kamar mai ciwo, kullum allura."

Wata rana wani ya ba shi manhajar gyaran hoto ta sata a filash. Damaris ta ari filash ɗin za ta kwafi wata takarda. Tana sakawa, antibairos ɗinta ya yi ja, ya toshe filash ɗin.

"Yafet, akwai mugun abu a nan. Kada ka saka."

"Tsoron naku ne, 'yan Windows," in ji shi.

Ya koma shago ya saka. Tasa ma ta gargaɗe shi cewa ba ta san manhajar ba, ta ƙi buɗewa. Haushi ya kama shi. Ya shiga ya cire shingen tsaron, ya buga fasuwod, wato kalmar sirrinsa, da hannunsa.

Washegari bairos ya kulle duk hotunan da ke cikin kwamfutar. Ciki har da na bikin wata malama, Rosemary, da aka yi a Kagoro. Katin kyamara kuwa tuni ya goge shi ya yi wani aiki. Kwana huɗu yana yawo da kwamfuta a kan mashin, daga wannan mai gyara zuwa wancan. Kowa ya duba sai ya girgiza kai. Ko abinci ya kasa ci don takaici.

Rana ta biyar Rosemary ta shigo sanye da baƙaƙen kaya. Mahaifinta ya rasu, suna son hotonsa don takardar jana'iza. Yafet ya fara kame-kame, yana cewa laifin na'ura ne.

Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai ranar bikina. Ni na roƙe shi ya tsaya maka."

Ta juya ta fita. Yafet ya zauna yana kallon ƙasa.

Mai karatu, wata kwamfutar ta fi wata tsaro, gaskiya ne, amma babu wadda za ta kare mai taurin kai daga kansa. Antibairos gargaɗi yake yi, jin gargaɗin naka ne. Ka guji manhajar sata, ka ajiye kwafin aikinka a wani wuri, domin sau da yawa abin da ke cikin na'urarka amanar wani ce.