Yadda Ƙuda Ya Raba Jatau da Ungulu

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi!"

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

To ku matso. Kai Tanimu, cire yatsan nan daga hanci.

Wani mahauci ne, sunansa Jatau. 'Ya'yansa duk sun koma tun suna goye, ɗaya kaɗai ya tsaya. Aka sa masa Ajuji, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Yaron nan ko tari ya yi, sai uban ya ruga neman magani.

A bayan mahauta akwai kuka, nan ungulaye ke zama. Duk abin da ya mutu a garin, kafin rana ta take sun share shi, sai ƙashi. Wannan ya hana Ƙuda sakat, don a cikin mushe yake zuba 'ya'yansa, su kuwa ba sa rage masa komai.

Ran nan akuyar Jatau ta mutu. Ƙuda ya sauka a kafaɗarsa.

"Maigida, Allah ya mayar da alheri. Amma ka ga wadda ta fara isowa? Ungulu ba ta jewar banza."

Jatau ya je gindin kuka. "Ke Ungulu, ke kika ci mini akuya?"

Ta ce, "Na ci, amma ban kashe ba. Shara na zo yi."

Ya jefe ta da dutse.

Aka kwana biyu jakinsa ya faɗi. Ƙuda ya ce, "Ka gani? Inuwarta ce ta bi ta kansa."

Jatau ya koma. Ungulu ta ce, "Na ci, amma ban kashe ba." Ya sa gatari ya sare rassan kukar.

Sai ga Ajuji ya tashi da ɗan zazzaɓi, ungulu kuma ta gifta ta saman gida. Ƙuda ya yi ƙasa da murya.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma yau ba akuya take kallo ba."

Wayyo! Jatau bai tsaya tambaya ba. Ya yanka hanta, ya barbaɗe ta da guba, ya watsa a bayan mahauta. Ungulaye suka ci, suka zube birjik. Wata tsohuwar ungulu ce kawai ta tsira, don ba ta da ƙarfin wawaso.

Zazzaɓin ya sauka da kansa. Jatau ya ce ai ya yi maganin mayu. Sakarai!

Sai ciwo ya faɗa wa dabbobin gari. Mushe nan, mushe can, ba mai ɗauka. Wari ya hana cin tuwo. Ƙuda ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya yi jikoki, gari ya yi baƙi da su. Su tashi daga ruɓaɓɓen ciki, su sauka a bakin kokon kunun Ajuji. Jatau yana gani, sai ya kaɗa hannu kawai, don wa ke tsoron ƙuda?

Amai da gudawa suka kama yaron. Idonsa ya faɗa, wuya ya kasa riƙe kai. Jatau ya ruga gindin kuka yana kuka.

"Ungulu, ki yi wa Allah, ki zo ki share mana gari!"

Ta dube shi. "Da baki ɗaya? Sauran bakunan ai kai ka rufe su, Jatau. Ni matacce nake bi. Wanda ke bin mai rai yana kafaɗarka."

Kafin ya kai ƙofar gida ya ji kururuwa, mata sun fasa kuka. Ajuji ya bi 'yan'uwansa.

Ranar zaman makoki Ƙuda ya zo gaisuwa. Ya sauka a bakin ƙwaryar gumba, yana murza hannu yana cewa, "Ba ruwana, ni ban taɓa kowa ba."

Har yau bai gama wanke hannun nan ba, ku dube shi in ya sauka. Mai munin fuska ba lallai shi ne mugu ba. Ku ji tsoron wanda kuka raina, wanda ke cin akushi ɗaya da ku.

Ƙurunƙus kan kusu! Ku tashi, kun danne mini ƙafa.