Randar Sarki da Ɓarawon Ruwa

An ce wani sarki ne aka yi mai tsananin lura da kayansa, har ya sa aka ja zane a cikin randar da yake sha, don ya gane in an taɓa. Wadda ke kula da randar tsohuwa ce, Tasalla, ita ta goye shi yana jariri. Da bazara ta yi ƙarfi, kullum sai ya ga ruwan ya sauka ƙasa da zanen. Bai tambayi kowa ba, ya kira ta ɓarauniya a gaban fadawa, ya sa aka kulle ta. Abin kunya, a kan moɗa ɗaya ta ruwa.

Wani dattijo masani, Malam Ilu, ya zo ya faɗi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, na san ɓarawon. Kullum yana shiga fadarka dogarai na kallo, ba mai iya ɗaga ido ya dube shi."

Sarki ya ce, "Wane ne shi?"

"Wanda ya sha ruwan alwalarka na ɗazu daga hannunka. Rana ce, ita da iska."

Sarki ya dubi hannunsa busasshe, amma girman kai ya hana shi sakin tsohuwar. Ya ce, "To, zan toshe mata hanya." Ya sa aka shafe randar da danƙo ciki da waje, aka liƙe bakinta. Washegari ruwa bai ragu ba. Ya kurɓa, ya tofar, ɗumi kamar na wanka.

Malam Ilu ya ce, "Ya sarki, gumin da randa take yi, shi ke tafiya da zafinta. Da rana za ta bi umarninka ta daina ɗiba a teku da koguna, da hadari bai haɗu ba, da gero bai tsiro ba, da ginin fadarka har yau taɓo ne. Abin da ta ɗauka da rani, shi take mayarwa da damina."

Sarki ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya tafi kurkuku da ƙafarsa, ya durƙusa, ya ce, "Inna, na zalunce ki."

Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, leɓenka ya bushe. Wa yake ba ka ruwa tun da aka kawo ni nan?"

Hawaye ya kubce masa a gaban dogarai. Ya sake ta nan take. Daga ranar ya goge zanen, kuma yakan ce, "Sarkin da ya hukunta kafin ya bincika, nasa yake fara zalunta."